Laraba Biyu

Shafi na 23

Masu zagin Maman 'Yan Biyu a ƙasan shafin jiya, duk na gani. Ku ɗan sassauta mata ku karanta wannan tukuna.

*

Sai da aka yi sallama sau uku kafin Maman 'Yan Biyu ta amsa. Ba wai ba ta ji ba ne. Tun ta farko ta ji, ta kuma gane muryar, shi ya sa hannunta ya tsaya cak a cikin bahon wanki, kumfa na ɗiga daga gwiwar hannunta.

Matar Mai Firji ce, ta bakin layi.

Ta rame. Mayafin da a da yake zama daram a kafaɗarta yanzu sai zamewa yake tana janyo shi. Ta shigo tana ba da haƙurin zuwa da tsakar rana, ta zauna a gefen tabarma tun ba a ce ta zauna ba. Lukuti, namijin cikin 'yan biyun, ya rarrafo ya kama zaninta. Ta ɗauke shi ta ɗora a cinya tana ce masa angon nata ya ƙara nauyi, ko buhun siminti aka koma ba shi. Firit, macen, tana barci a kan katifa da yatsa a baki.

Maman 'Yan Biyu ta kawo ruwa mai sanyi. Sai da ta ajiye kofin ta tuna daga wane firji ya fito, da wanda ya gyara shi. Satin da ta haihu firjin ya mutu da maganin yara a ciki, Mai Firji ya zo cikin zafin rana ya durƙusa a bayansa awa biyu, yana tsokanar Baban 'Yan Biyu cewa shi komai nasa bibbiyu ne ban da firji.

Ta kawar da kai daga kofin.

Wata biyar ke nan da Malamar aji uku ta tashi daga makarantar da ke bayan layinsu, ranar Laraba sha biyu ga wata, ba ta isa gida ba har yau. 'Yan sanda sun yi iya nasu sun yi shiru. Sai aka buɗe guruf a waya, aka sa masa suna A Nemo Malama. Kafin sati ya zagayo mutum dubu huɗu sun shiga, kowa ya zama mai bincike daga kan gadonsa. Wani ya auna inuwar bishiya a hoto ya faɗi ƙarfe nawa ne. Wata ta yi mafarki da rijiya. Wani da ko garin bai taɓa takowa ba ya zana taswira da jan layi. Ana cikin haka wata mai kiran kanta Idon Layi ta rubuta layi biyu kacal: da idonta ta ga Malama ta shiga shuɗiyar motar mai gyaran firji ranar Laraba, tana dawowa daga yi wa yara rigakafi.

Layi biyun nan su suka cinye gidan matar da ke zaune a kan tabarmarta.

Kuma Idon Layi ba kowa ba ce, Maman 'Yan Biyu ce.

"Ƙanwata, alfarma na zo nema," in ji Matar Mai Firji.

"To Yaya, Allah ya sa ina da ita."

"Kina da ita. Rubutu ne."

Ta ce kowa a layin ya san kafin haihuwa Maman 'Yan Biyu ce ke buga wa mutane takarda a shagon kwafi, hannunta ya san yadda ake jera magana. Ita kuwa in ta fara rubutu sai kuka ya riga ta, ta rubuta shirme. Ta ciro wayarta ta nuna, gilashin ya tsage kamar saƙar gizo. Jiya ne, ta ce. Wayar tana aljihun gaban rigar maigidan lokacin da dutsen farko ya same shi a ƙirji. Na biyun ne ya fasa masa gira. Ɗinki huɗu.

Maman 'Yan Biyu ta ce subhanallahi.

Matar ta ci gaba, ba ta ɗaga murya, tana jijjiga Lukuti a hankali. Shago ya zama kango. Masu firji a wurinsa sun zo sun kwashe kayansu, wasu ko gyaran ba a gama ba. An ɗauki hoton shagon daga nesa an sa a guruf, ana ƙirga manyan firizan da ke ciki, ana tambayar me ya sa ɗaya take da kwaɗo. Kwaɗon kuwa don kayan aikinsa ne a ciki, injin firizar ya mutu tun shekara uku. Autarsu ta daina zuwa makaranta, don yara sun sa mata suna 'yar mai firjin gawa. Yarinyar da Malamar ce ma ta koya mata haɗa baƙi, wadda har yau take ajiye da jan biron da ta ba ta.

"Da tsohuwar fa?" Maman 'Yan Biyu ta tambaya, ko da yake ta san amsar.

"Tana nan. Kullum."

Mahaifiyar Malama ke nan. Tun da maganar motar ta fito, kowace safiya take zuwa da 'yar kujerarta ta katako, ta ajiye a tsallaken titi daidai ƙofar shagon, ta zauna. Ba ta zagi, ba ta jifa, ba ta ma magana. Kallon ƙofar kawai take har rana ta yi sanyi, ta ɗauki kujerarta ta tafi. Matar Mai Firji ta ce duwatsun ma sun fi wannan kallon sauƙi.

"Gobe Asabar za su zo," ta ce. "An nuna min sun sa lokaci a guruf, bayan la'asar. Wai za su buɗe firizan da kansu. Na ce masa mu bar musu shagon mu tafi wurin 'yan'uwana, ya ce in ya gudu ya amsa laifin ke nan. Kin san shi da taurin kai. Zai tsaya a ƙofar nan, ƙanwata. Kuma ba firiza kaɗai za su fasa ba."

Maman 'Yan Biyu ta goge hannu a zani, ta ɗauko wayarta.

"Faɗi, Yaya. Ina rubutawa."

Matar ta gyara zama, ta kalli bango kamar mutanen dubu huɗun suna jere a jikinsa.

"Ki ce ni ce matarsa. Ki ce mijina bai taɓa musun ya ɗauki Malama a mota ba. Ya ɗauke ta, da ɗan firjinta da ya gyara, ya kai ta har ƙofar gida, mahaifiyarta ma ba ta nan ta je dubiya. Amma biyar ga wata ne. Sati guda cif kafin ta ɓata. Haka ya faɗa wa 'yan sanda, haka yake faɗa har gobe."

Ta rubuta.

"Ki ce wannan baiwar Allah, Idon Layi, ban ce ta yi ƙarya ba. Ta gani. Ban yi mata baki ba, ba kuma zan yi ba, don uwa ce, ta ce rigakafi ta kai yara. Roƙonta kawai nake ta zauna ta sake tunawa. Wace Larabar?"

Yatsan Maman 'Yan Biyu ya tsaya a kan gilashin.

Ba ta buƙatar zama ta tuna. Ta riga ta tuna, sati uku da suka wuce, ranar da ta ciro katunan yaran daga cikin ledarsu don ta duba yaushe ne allurar wata tara. A kanta ta ɗauka rana ɗaya aka yi musu ta baya, don komai na 'yan biyu tare ake yi. Sai ta ga katin Firit an rubuta biyar ga wata, na Lukuti sha biyu. Nan take abin ya dawo mata tiryan-tiryan. Ranar farko ta je da su duka, nas ta taɓa goshin Lukuti ta ce jikinsa da zafi, ba za a yi masa ba sai wani satin. Aka yi wa Firit ita kaɗai. Ta taho da ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa, macen na tsala ihun allura, namijin na huci a wuyanta. A haka ta ga Malama tana shiga shuɗiyar motar, har Malamar ta leƙo ta taga tana dariya ta ce mata sannu da kaya. Kaya biyu. Larabar da ta biyo baya kuwa, wadda Malama ta ɓata, Lukuti kaɗai ta goya, ta bar Firit wurin ƙanwar mijinta, kuma ta wata hanyar ma ta dawo don ta tsaya kantin magani.

Laraba biyu ne suka haɗe mata a ka suka zama ɗaya. A lokacin ba ta samun barcin awa uku a jere, ko sunan watan da ake ciki sai ta tambaya. Amma da ta ɗauki waya, ba ta rubuta tana jin ta gani ba. Ta rubuta da idonta.

Ranar da ta gane, ta jira Baban 'Yan Biyu ya dawo daga aiki ta shimfiɗa masa katunan a gabansa. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce ta goge sunan nan daga wayarta ta kama bakinta. Mutanen da suka mayar da shagon mai gyaran firji kango saboda layi biyu, me take tsammani za su yi wa wadda ta ɓata musu wata biyar? Ƙofarsu ta langa-langa ce. Yara biyu ne a bayanta. Ta ga gaskiyarsa, ta yi shiru. Sunan dai ba ta iya gogewa ba. Kullum sai ta buɗe guruf ɗin ta karanta abin da ake cewa, kamar mai sosa miki.

"Kin gama?" in ji Matar Mai Firji.

"Na gama, Yaya. In tura miki ki sa?"

"Ai sun cire ni tun watan jiya. Wai ina ɓata musu bincike. Ke za ki sa min daga taki. Kina ciki, ko?"

Fanka na juyawa a sama, ƙyas, ƙyas. Lukuti ya kama ɗan kunnen matar yana ja, ta cire hannunsa a hankali ta sumbaci yatsun.

Hanyoyin fita suna da yawa, kuma duk sun zo mata a lokaci guda. Tana iya cewa ba ta ciki. Ko ta ce data ta ƙare. Ko ta ce sai ta tambayi maigida. Kowace ta faɗa, matar nan za ta yi godiya ta janyo mayafinta ta tafi, gobe da la'asar kuma ta ji hayaniyar daga nan inda take zaune, da bahon wanki a gabanta.

In kuwa ta danna, saƙon zai fita da suna a samansa.

Ta miƙa mata wayar.

"Duba sunan da ke sama, Yaya."

Matar ta karɓa, ta nisanta ta daga fuskarta don idonta ya fara rauni. Leɓenta ya motsa tana haɗa baƙin. Ta karanta sau ɗaya. Ta sake karantawa.

Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye wayar a tabarma. Sannan ta ɗaga Lukuti daga cinyarta da hannu biyu, ta zaunar da shi a ƙasa a hankali, ta tabbatar ya zauna daidai ba zai kife ba, ta janye hannunta. Wannan ajiyewar ta fi wa Maman 'Yan Biyu mari zafi.

"Ke ce."

"Ni ce."

Ta tashi ta ɗauko ledar katunan daga saman firji, ta buɗe su gefe da gefe. Ta yi bayanin zazzaɓin, da nas, da sannu da kaya. Tana yi hawaye na ɗiga, tana kare katunan da tafin hannu kada tawadar ta jiƙe. Ta ce wallahi ba da gangan ba ne, ta ɗauka taimako take yi, ta tuna uwar Malama ne ta ce in ita ce aka ɗauke mata Firit za ta so duk wanda ya ga wani abu ya faɗa.

Matar Mai Firji ba ta kalli fuskarta ba. Katunan take kallo.

"Wannan na yarda. Mai jego da 'yan biyu, ko sunanta ta manta ban ga laifinta ba. Yaushe kika gane?"

Ga tambayar da take gudu.

"Sati uku."

"Sati uku," matar ta maimaita, kamar tana auna nauyinsa a hannu. "Dutsen jiya ne, ƙanwata. Auta satin da ya wuce ta daina zuwa makaranta. Shekaranjiya kika wuce ta ƙofar gidana kika ce min ya haƙuri."

"Na ji tsoro, Yaya. Yaran nan…"

"Ni ma ina da su."

Firit ta motsa a katifa ta yi ɗan kuka ta koma barci. Maman 'Yan Biyu ta kalli ƙofar langa-langar, ta kalli yaran, ta tuna fuskar mijinta ranar da ya ce ta kama bakinta. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, har yanzu ma gaskiya ne. Sai dai akwai wata ƙofar a bakin layi, da mutum mai ɗinki huɗu a gira da zai tsaya a gabanta gobe.

Ta ce za ta rubuta cewa ta yi kuskure, yanzu-yanzu.

Matar ta girgiza kai. Ta ce ta fi ta sanin mutanen nan, wata huɗu tana karanta su. In Idon Layi ta janye magana a rubuce, za su ce an sace mata waya, ko an tsorata ta, ko ma matar mai firjin ce ta buɗe sunan. Sunan da ba shi da fuska ya isa ya kashe mutum, amma bai isa ya wanke shi ba.

"Ban ce dole ba," ta ce. "Na faɗa miki yadda suke ne kawai."

Maman 'Yan Biyu ta tashi. Ta buɗe durowa ta ciro filastar ciwo, ta yanka gida huɗu da almakashi, ta rufe sunayen yaran da lambar gida a jikin katunan, ta bar kwanan watan da sa hannun nas a fili. Ta ɗauki hoto, ya yi duhu, ta matsa bakin taga ta sake ɗauka. Ta kai Lukuti kusa da 'yar'uwarsa a ƙuryar ɗaki, nesa da taga. Ta je ta sa sakata. Sannan ta dawo ta durƙusa, ta danna wurin ɗaukar murya.

"Salamu alaikum. Ni ce Idon Layi. 'Yan layin bayan makaranta kun san muryata, ni ce Maman 'Yan Biyu ta gida mai koriyar ƙofa. Abin da na faɗa a kan mai gyaran firji kuskure ne. Biyar ga wata na gan su, ba sha biyu ba. Ga katunan yarana, ku duba. Ranar da Malama ta ɓata ban gan ta ba, ban ga motarsa ba, ban ma bi ta titin ba. Na gane haka sati uku da suka wuce na yi shiru don tsoro, har aka fasa masa kai. Wannan nawa ne, ba nasa ba. Don Allah kada kowa ya je shagon nan gobe. Zan je wurin 'yan sanda da katunan da kaina."

Ta saki yatsa. Saƙon ya tafi.

Minti ɗaya babu komai. Sai wayar ta fara rawa a kan tabarma, ba ta kuma tsaya ba. Wata ta ce Allah ya saka mata da alheri. Goma suka ce an saye ta. Mai taswirar nan ya ce tawadar katin na biyu ta fi ta farko duhu, a bincika. Wani ya tambaya, shi mijin wannan matar aikin me yake yi, kuma ina yake ranar sha biyu ga wata? Kafin ta gama karantawa mutum bakwai sun ɗaga wa tambayar babban yatsa, alamar goyon baya.

Ta kife wayar.

Matar Mai Firji ta janyo mayafinta, ta miƙe. Maman 'Yan Biyu ta ɗauka tafiya za ta yi, ba ta kuma ga laifinta ba. Sai ta ga ta ɗauki kofin ruwan da tun ɗazu ba ta taɓa ba, ta shanye, ta ja kujera ta zauna a bayan ƙofa.

"Ban yafe ba tukuna, kada ki ɗauka," ta ce. "Amma na san yadda ranar farko take. Ba a yin ta mutum ɗaya."

Sun fi rabin awa a haka. Maman 'Yan Biyu ta kira mijinta sau biyu bai ɗaga ba. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta ji kamar a ƙofarta zai tsaya.

Sai aka ƙwanƙwasa.

Ba bugun taro ba ne. Sau biyu ne, a hankali, can ƙasa-ƙasa, kamar hannun da ba shi da ƙarfi. Matan biyu suka kalli juna. Maman 'Yan Biyu ta lallaɓa ta sa ido a ramin da ke kusa da sakata.

Tsohuwa ce ita kaɗai, tsaye cikin rana. A hannunta na hagu tana riƙe da 'yar kujerar katako.

"'Yar nan," ta ce, bakinta dab da ƙofar. "An kunna min muryarki na ji. Buɗe, ba faɗa na zo yi ba. Wata biyar ina zaune a ƙofar bawan Allah saboda maganarki, don ita kaɗai nake da ita. Yanzu kin karɓe. To faɗa min, gobe da safe ina zan kai kujerar nan?"